Yadda ake kwatanta magana har mai sauraro ya gan ta

In baƙo ya sauka Argungu ya tambaye ka hanyar Matan Fada, ai ba gabas da yamma za ka lissafa masa ba. Kwatanta masa za ka yi: ya wuce kasuwa, ya karya kwana a bakin masallaci kaza. Aikin kalmar "kwatanta" ke nan, a ɗauko abin da ido bai gani ba a jingina shi da abin da aka sani. Ga yadda ake yi.

Da farko ka duba wa ke gabanka, domin a cikin rayuwarsa za ka samo misalin, ba a littafinka ba. Na taɓa jin wani malamin gona yana ta nanata "hekta" ga manoman shinkafa a fadama, suna ta gyaɗa kai don kunya. Hekta fili ne mai mita 100 a tsawo, 100 a faɗi. Da ya ce ta ɗara filin ƙwallo, da kowa ya hango ta. Haka in kakarka ta tambaye ka mene ne hauhawar farashi, ka ce, "Kaka, kuɗin da ya cika miki kwanon awo bara, bana bai kai bakin kwanon ba." Ta gama ganewa.

Sai ginin jimla. Mutum ake kwatanta wa: "na kwatanta wa Inna", ko "kwatanta muna", yadda muke faɗa a nan Kabi. Abu kuwa da abu ake kwatanta shi: "ya kwatanta haƙuri da jiran shinkafa bayan dashe".

Na uku, ka faɗi inda misalin ya tsaya. Filin ƙwallo bai cika hekta ba, in ka ɓoye haka manomi zai yi kuskuren lissafin taki.

Akwai kuma ma'anar da na fi ƙauna. In an tashi daga wa'azi, dattawa kan ce, "Allah Ya ba mu ikon kwatantawa." A nan ba baki ke aiki ba, hannu ne. In an ce mai awo yana kwatanta adalci, ana nufin in aka aiko yaro, yadda yake cika wa uban yaron kwano haka yake cika wa yaron, har da tozo.