Yadda Ake Neman Kuɗin Likitan Riƙon Ƙwarya a Asibitocin Unguwa na Ingila

Idan likitan iyali ya kwanta rashin lafiya a Ingila, marasa lafiyar da suka yi rajista da asibitinsa ba za su daina zuwa ba, don haka dole a nemo wanda zai riƙe masa aiki. Tun daga watan Afrilun 2017 hukumar lafiya ta NHS ta mayar da shi dole a biya asibiti kuɗin da ya kashe wajen ɗaukar wannan likitan riƙon ƙwarya, bayan a da sai jami'ai sun ga dama, kuma ta soke sharaɗin yawan marasa lafiyar da asibiti yake da su.

Abu na farko da manajan asibiti zai yi shi ne ya rubuta ranar da likitan ya fara jinya, domin daga ita ake lissafin komai. Makonni biyun farko asibiti ne yake ɗaukar nauyinsu da kansa. Bayan sun cika ne ake fara biya, har tsawon makonni 26 a kan cikakken kuɗi, sannan wasu 26 a kan rabi. A 2017 iyakar abin da ake biya a mako fam 1,734.18 ne, an kuma ƙara daga baya, saboda haka a duba adadin da ake aiki da shi kafin a cike takarda. Hukumar tana biyan wanda ya fi ƙanƙanta ne tsakanin wannan iyaka da abin da asibiti ya kashe a zahiri.

A nan ne nake ganin ya kamata a fi natsuwa. A ajiye takardar shaidar rashin lafiya, wadda ake buƙata da zarar jinya ta wuce kwana bakwai, tare da kowace takardar neman biya da likitan riƙon ƙwarya ya miƙa, ɗauke da ranaku da sa'o'in da ya yi aiki. Ba lallai ne a ɗauko baƙo daga waje ba, domin likitan cikin gida wanda ba cikakken lokaci yake yi ba zai iya ƙara sa'o'i a biya shi, kuma marasa lafiya sun fi sakewa da fuskar da suka sani.

Ana miƙa buƙatar ne ga hukumar lafiya ta yankin, wato ICB, wadda aka kafa a watan Yulin 2022. Su kuwa makonni biyun farko da giɓin da ke tsakanin abin da aka kashe da abin da hukuma ta biya, asibitoci da yawa inshora suke saya tun likita yana ƙalau domin ta cike musu.