Darasi na Shida: Yadda Ake Zaɓen Doguwar Fitilar Lantarki

Doguwar fitilar fulorasan da aka fi amfani da ita iri uku ce, kuma da kauri ake gane su. Dubi rubutun da ke bakin gilashin, za ka ga T12, T8 ko T5. T12 ita ce ta da, kaurinta inci ɗaya da rabi. T8 inci ɗaya ce. T5 kuwa siririya ce, ta ɗan haura rabin inci.

Wat shi ne wutar da fitila ke ci, lumen kuma hasken da take bayarwa. Raba lumen da wat, sai ka san mai tsimi. T8 mai kyau, mai wat 36, tana ba da lumen wajen 3,350, wato 93 a kowane wat. T5 mai wat 28 takan kai kusan 100. T12 mai wat 40 ta fi su ci, amma tana bayansu wajen tsimi.

Launin haske ne inda mutane suka fi ruɗewa. Nemi lambobi uku, kamar 827, 840 ko 865. Lambar farko tana nuna yadda fitilar ke fito da ainihin launin kaya: 8 tana da kyau, 6 da 7 suna dusashe shi, har jan yadi ya koma kamar ya koɗe. Biyun ƙarshe launin hasken kansa ne. 27 ruwan ɗorawa ne mai laushi, ya dace da ɗakin kwana. 40 fari ne tsaka-tsaki, na aji da wurin aiki. 65 fari ne fat mai ɗan shuɗi. Kada farin ya yaudare ka: T8 mai lamba 765 lumen wajen 2,500 kawai take bayarwa, alhali wat 36 ɗin nan take ci.

T8 tana zama a mazaunin T12, ƙafafunsu ɗaya ne. T5 ba ta zama: ta fi gajarta, kuma sai da cok na zamani (na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga fitila), marar sitata (ɗan ƙaramin abin da ke tayar da fitila in an kunna).

In fitila tana ƙyafta-ƙyafta, kashe wuta, ka fara canza sitata. In bakinta biyu sun yi baƙi, ta ƙare, canza ta. Akwai zaiba a cikinta, saboda haka in ta fashe, buɗe taga, kowa ya fita na minti 15. Sannan ka kwashe gilashin da kwali, ka goge wurin da jiƙaƙƙiyar takarda, ka rufe su duka cikin kwalba mai murfi.