Kurakuran da aka fi yi wajen auna hasken rana a lokacin gizagizai

Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da damina ta kankama a Sinnar da Jazira a ƙasar Sudan, masu kafa farantan sola don famfunan ban ruwa sukan tarar alƙalumansu ba su dace da abin da famfo yake yi ba. Galibi laifin na yadda aka yi awon ne.

Babban kuskure shi ne dogaro da matsakaicin awa guda. Idan sama ta washe da tsakar rana, hasken yakan kai kimanin wat 1000 a kan murabba'in mita, amma girgije ɗaya mai kauri yana iya rage fiye da rabinsa cikin 'yan daƙiƙu, sannan ya wuce. Matsakaicin awa yana haɗiye wannan faɗuwa gaba ɗaya, alhali ita ce take sa famfo ya tsaya ya sake tashi. Gyaran shi ne a ɗauki awo kowace daƙiƙa, a adana matsakaicin minti ɗaya tare da mafi ƙanƙanta da mafi girma. Sai dai a tuna cewa na'urar auna hasken rana iri biyu ce: wadda take aiki da ɗumi tana ɗaukar daƙiƙu kafin ta cim ma sauyi, ita kuwa ta silikon tana amsawa nan take, amma ba ta ganin dukkan launukan haske, don haka takan kauce idan hadari ya rufe rana.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne goge manyan alƙaluma da sunan na'ura ta yi ƙarya. Idan rana ta leƙo ta tsakanin fararen gizagizai, gefunansu suna ƙara watso haske, har awon ya zarce na sararin da babu girgije, wani lokaci ma ya haura wat 1361 da ake samu a can sama, kafin hasken ya shigo iskar duniya. Wannan gaskiya ne, a bar shi.

Akwai kuma masu auna haske da manhajar waya su mayar da shi wat da lissafi ɗaya tak. Wannan ma kuskure ne, domin waya tana auna hasken da ido yake gani ne, kuma shi da ƙarfin rana ba sa tafiya daidai a ƙarƙashin girgije.

Wurin kafawa ma yana ruɗin mutane. A Sinnar, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, rana tana bi ta arewa da tsakar rana, saboda haka sandar da aka kafa a arewacin na'ura tana jefa mata inuwa mai kama da wucewar girgije. A goge ƙoƙon gilashin da ke kan na'urar kowace safiya, musamman bayan habub, wato guguwar ƙura, a rubuta lokacin gogewar. A duba agogon na'urar kuma, domin Sudan ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya a Nuwambar 2017, kuma tsohuwar na'ura tana iya kasancewa a kan tsohon lokaci.