Yadda ake tsaya wa iyalin ɗan sandan da ya rasu a bakin aiki

Ba a isar da labarin rasuwa ta waya. Mutum biyu za su je gidan, babban jami'i da wani wanda iyalin suka sani, su isa kafin hoto ya bazu a Facebook ko WhatsApp. A faɗi gaskiya kai tsaye. In aka ce "yana asibiti" alhali ya cika, iyalin ba za su ƙara yarda da maganar rundunar ba.

Sai a ware jami'i ɗaya ya riƙa bin lamarin iyalin har a biya su haƙƙinsu. Nan ne aikin yake, domin takardu ke riƙe kuɗin fansho da na inshora. A makon farko a tattara takardar shaidar mutuwa, rahoton likita, rahoton runduna da ya nuna a bakin aiki ya rasu, shaidar aure, takardun haihuwar yara, da fom ɗin da marigayin ya rubuta sunan magajinsa. A yi kwafi biyar na kowace, asalin ya zauna hannun iyali. Abu biyu suka fi jawo jinkiri: sunan da ke banki ya saɓa da na fayil, ko da da harafi ɗaya ne, ko kuma fom ɗin magaji tsoho ne, tun kafin aure aka cike shi. Idan a bariki suke zaune, a nemo musu wa'adin tashi a rubuce.

Kuɗin gudummawa kada ya shiga asusun mutum ɗaya. A buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, har da matar marigayin, a riƙa biyan kuɗin makarantar yara kai tsaye zango-zango. Dunƙulen kuɗi a hannu lokacin makoki ba ya kai shekara, masu neman rance sun yi yawa.

Ranar tunawa tana da amfani. Amurka na yi ran 15 ga Mayu tun 1963, Indiya kuma 21 ga Oktoba, ranar da aka kashe 'yan sandanta goma a Ladakh a 1959. Amma kafin a zana suna a allon tunawa ko a nuna hoto, a nemi izinin iyali, su duba rubutun sunan da muƙamin da idonsu. Kada a tilasta wa matar yin jawabi, a kuma tanadar musu mota zuwa da komowa.