Yadda za ka gano ma'anar sunan kakarka 'yar Rasha ko Yukren

A Jos da Abuja akwai gidajen da kaka ta zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, bayan ɗalibin da ya je karatu ya auro ta kafin 1991. Fara da neman fasfo ko takardar aurenta, ka kwafi sunan da haruffan Sirilik, wato na rubutun Rasha da Yukren, yadda yake. Kada ka dogara da sunan da ake kiranta a gida, domin yawanci na shagwaɓa ne: Natasha Natalya ce, Sveta kuwa Svetlana.

Daga nan sai ka raba sunan kashi biyu. "Slav" ɗaukaka, "mir" zaman lafiya ko duniya, "bog" Allah, "svet" haske, "lyud" jama'a, "mil" abin ƙauna. Ka ga Lyudmila ke nan wadda jama'a ke ƙauna, Bogdan kuwa kyautar Allah, domin "dan" na nufin abin da aka bayar. Nadezhda kai tsaye fata ce, wato sa rai.

Inda ake yawan kuskure: ba kowane sunan Rasha ne ɗan asalin Silab ba, wato dangin harsunan da na Rasha da Yukren ke ciki. Ivan daga Ibrananci yake, asalinsu ɗaya da sunan Yahaya, Olga kuma daga Helga na mutanen Sikandinebiya. Suna na tsakiya mai ƙarewa da "ovna" ko "evna" na mahaifinta ne, a bincika shi daban.