Darasi na Bakwai: Shata Ƙasar Gari Tare da Ba Daji Haƙƙinsa

Idan mutanen gari suka zauna shata ƙasarsu, gonaki da filayen gini ake fara ambata, domin kowane yana da mai shi da zai tsaya masa. Tabki da burtali da kurmin bagaruwa kuwa ba su da bakin magana, shi ya sa ake cin su kaɗan-kaɗan, kunya ɗaya bana, biyu baɗi, har a wayi gari garke ya rasa hanyar mashaya, tsuntsaye kuma su rasa inda za su yi sheƙa.

Dokar tsarin karkara ta Nijar, wadda aka kafa a 1993, ta tanadi kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo. A ƙauye maigari ne shugaba, tare da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. A gaban wannan kwamiti ne ya kamata a auna faɗin burtali, a kafa masa alamu, a rubuta a takarda, domin iyakar da aka bari a baki takan bi dattijon da ya san ta zuwa kabari.

A nan jihar Tawa, tabkin Tabalak ya isa misali. A 2005 aka sanya shi cikin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Masunta da masu lambu da makiyaya duk da shi suke rayuwa, haka ma tsuntsayen da ke sauka a bakinsa lokacin ɗari. Idan aka nome gaɓarsa har bakin ruwa, aka sare itatuwan da ke riƙe da ƙasa, yashi ne zai riƙa gangarowa yana cike shi, kifi ya ragu.

Cikin gona ma akwai abin tanadi. Manomin da ke sassaben zamani ba ya tumɓuke tohon gawo ko kalgo, sai dai ya rage rassa ya bar masu ƙarfi. Gawo dai ganyensa da damina yake zubewa, don haka ba ya tare wa hatsi rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin bisashe ne.

Aikin yi: ku zana taswirar garinku a ƙasa, ku nuna tabki da burtali da makiyaya, sannan ku tambayi dattawa sunayen itatuwa da namun dajin da suka sani a wurin a da, waɗanda yanzu ba a ganinsu, ku rubuta su a littafinku.