Babi na Shida: Miƙa Lissafin Kuɗi Idan An Canja wa Fada Wurin Aiki

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Da yawa cikinku an zaɓe ku ma'aji ko magatakarda a majami'arku, ko a Zumuntar Mata Katolika, saboda an san ku da riƙon amana. Wata rana Bishop zai aiko da takarda cewa Fadanku zai koma wani wuri, wani zai zo a madadinsa. Wannan babi na wannan rana ne. Kowa ya ɗauki fensir da littafinsa.

Darasi na 1: Na wa ne kuɗin?

Faris ita ce babbar majami'ar da Fada yake zaune, haɗe da ƙananan majami'un ƙauyuka da yake zagayawa. Kuɗin faris na faris ne. Fada mai lura ne da su, kuma idan ya tashi ya bar su a inda ya same su. Littafin dokokin Ikilisiyar Katolika, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1983, ya yi maganar wannan. Doka ta 537 ta ce kowace faris ta kasance da kwamitin kuɗi na masu bi da za su taimaki Fada. Doka ta 1283 ta ce kafin sabon mai lura ya kama aiki, a rubuta dukan kayan da ke akwai dalla-dalla, a sa hannu, a ajiye kwafi ɗaya a faris, ɗaya a ofishin Bishop. Kwafi yana nufin takarda ta biyu mai rubutu iri ɗaya da ta farko.

Na faɗi lambobin nan ne domin ku daina jin nauyi. Na ga dattijo ya tsaya a gaban Fada, an ce ya ƙirga kuɗi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Fada, ai mun yarda da kai." Baba, ƙirgar nan ita ce kariyar sunan Fada. Idan ya tafi ba a ƙirga ba, bayan wata uku wani zai fara raɗa a bakin kasuwa, kuma ba shi nan balle ya kare kansa.

Darasi na 2: Ragowa

A nan ne za mu daɗe, domin a nan kowane aji da na koyar ya yi tuntuɓe.

Buɗe littafin kuɗi. Gefen hagu na abin da ya shigo ne. Gefen dama na abin da ya fita. Ɗaga hannun da kake cin tuwo da shi, wannan shi ne dama. Ragowa ita ce abin da ya saura bayan an cire na dama daga na hagu. Ga misali na koyo, ku kwafa:

Shiga: ragowar watan jiya 120,000, baikon Lahadi 85,000, zakka 40,000. Jimla 245,000.

Fita: albashin katikis (mai koyar da addini) 30,000, man janareta 18,000, gyaran rufi 47,000. Jimla 95,000.

Cire 95,000 daga 245,000. Saura 150,000. Wannan ita ce ragowa a littafi.

Amma littafi takarda ce kawai. Ina kuɗin suke? Wuri biyu ne: banki da akwati. A je banki a karɓo takardar bayanin asusu ta wannan makon, mai hatimin banki. Kada a kawo ta watan jiya, kada kuma a dogara da saƙon waya kaɗai. A misalinmu takardar ta nuna 132,000. To dole akwati ya kasance da 18,000, domin 132,000 da 18,000 su ne 150,000.

Yanzu ƙirga. A baza kuɗin a kan tebur, a gaban Fada mai tafiya, da Fada mai zuwa, da mutum biyu na kwamiti. A ware su iri-iri. Idan lambar tana ba ka wuya, dubi fuska: ɗari biyu mai hoton Sardauna, ɗari biyar mai hoton Azikiwe, ɗari mai hoton Awolowo, dubu mai hoton mutum biyu. Ƙirga kowane tsibi, ka rubuta nan take kafin ka taɓa na gaba:

1,000 guda 12, ya zama 12,000
500 guda 8, ya zama 4,000
200 guda 7, ya zama 1,400
100 guda 6, ya zama 600

Jimla 18,000. Sai ka miƙa wa na kusa da kai ya sake ƙirgawa, bai ga abin da ka rubuta ba. Idan kun yi daidai, madalla. Idan kun bambanta, ku sake. Ba abin kunya ba ne, ma'aikacin banki ma yana maimaita ƙirga.

Ku faɗa tare da ni: banki da akwati, su yi daidai da littafi. A sake. Banki da akwati, su yi daidai da littafi. Sai sun yi daidai ake sa hannu.

Yanzu sifili. Dubi waɗannan da kyau:

5,000 dubu biyar
50,000 dubu hamsin
500,000 dubu ɗari biyar

Ɗan ƙaramin da'irar nan guda ɗaya ta mai da kuɗin akuya ya zama na bijimi. Sa yatsanka a kan waƙafi, wato ɗan alamar da ke tsakiya. Abin da ke dama da shi lamba uku ne kullum. Abin da ke hagu shi ne yawan dubban. Karanta na hagu, ka ce "dubu" a gabansa. Saboda sifilin nan ne nake so kowane babban kuɗi a rubuta shi sau biyu, da lamba da kuma kalmomi: 150,000, naira dubu ɗari da hamsin. Mama, na san hannu yana gajiya. Rubuta a hankali, babu mai korar ki.

To idan ba su yi daidai ba fa? A ce littafi ya nuna 150,000, banki 132,000, akwati kuma 13,000 kacal. An rasa 5,000. Kada ka goge komai. Kada ka sa hannu a aljihu ka cike domin a rabu lafiya. Sau da yawa rasit ne aka manta a aljihun riga, ko an sayi kyandir da ruwan inabi na Mas ba a rubuta ba. A nema. In ba a samu ba, a rubuta a fili: "A yau an ƙirga, an sami giɓin 5,000." A sa kwanan wata, kowa ya sa hannu a ƙasa.

Zan faɗa muku abin da yake ɓata mini rai. Na koyar da wannan darasi sati uku a wani aji, aka amsa mini da "mun gane, Malam." Ranar miƙa aiki ta zo, ana sauri domin motar kaya tana jira, mata suna waƙar ban kwana a waje, sai ma'ajin ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, a kan akwatin da bai buɗe ba. Shekara guda ana ta magana a kansa, shi da bai ci ko kwabo ba. Me ya kai ku zuwa aji in za ku yi haka? Mota ta jira. Sa hannunka yana cewa "na gani da idona." In ba ka gani ba, ka yi ƙarya a rubuce, a gidan Allah. Wanda bai iya sa hannu ba tukuna, a karanta masa da ƙarfi a gaban kowa kafin ya dangwala yatsa.

Mu sake: ƙirga, rubuta, wani ya sake ƙirgawa, a gwada da littafi, sannan a sa hannu. Aikin gida: littafi ya ce 96,500, banki ya ce 80,000. Nawa ya kamata a samu a akwati? Rubuta amsar da lamba da kalmomi.

Darasi na 3: Kuɗin da aka ba da domin wani abu, da bashi

Cikin ragowar nan akwai kuɗin da ba a taɓawa. Idan jama'a sun yi gudummawa domin ginin majami'a, ko an ware kuɗin godiyar kaka domin rijiya, doka ta 1267 ta ce abin da aka bayar domin wata manufa a kanta kaɗai za a kashe shi. A rubuta wa sabon Fada a shafi dabam: na gini kaza, na rijiya kaza. In ba haka ba zai ga kuɗi a asusu ya ɗauka na cefane ne. Haka ma kuɗin ƙungiyoyi, na Zumuntar Mata ko na matasa ko na mawaƙa, idan an ajiye su a hannun faris.

Akwai kuma littafin roƙon Mas. Wanda ya ba da baiko a yi Mas domin mamacinsa ya ba da amana. Doka ta 958 ta ce Fada ya riƙe littafi na musamman domin wannan. A nuna waɗanda aka yi da waɗanda suka rage.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, faris ma tana da nata. A rubuta wanda yake bin faris: mai siminti, magini, kuɗin wuta, albashin katikis ko mai gadi da ba a biya ba, da kason da ake aikawa dayosis, wato yankin da Bishop yake shugabanta. A rubuta wanda faris take bi. Suna, dalili, adadi da lamba da kalmomi. Ku lura da sifili.

Darasi na 4: Kaya

A zaga da littafi ɗaki-ɗaki. Mota ko babur da takardunsu, janareta, kayan kiɗa, lasifika, kujeru, kayan bagade, takardun fili, makullai. A rubuta yawan kowane abu, da ko yana aiki. Abin da Fada ya saya da kuɗinsa, ko aka ba shi kyauta shi kansa, nasa ne, a ware tun da wuri. Littattafan baftisma da aure da na mamata ba sa barin faris.

Darasi na 5: Banki

A rubuta wa banki takarda a cire sunan Fada mai tafiya, a sa na sabo. A tambayi ofishin Bishop wasiƙar da bankin zai nema. A canja lambar wayar da saƙon kuɗi yake shiga. A ƙirga ganyen cek da suka rage, a rubuta lambar na farko da na ƙarshe.

Darasi na 6: Takardar miƙawa

A haɗa dukan shafukan, a sa kwanan wata. Fadoji biyu su sa hannu, da shugaban kwamiti, da ma'aji, da wakilin Bishop idan ya zo. Kwafi ɗaya ya zauna a faris, ɗaya ya tafi ofishin Bishop. Ranar Lahadi a karanta wa jama'a ragowar.

Amsar aikin gida: 16,500, naira dubu goma sha shida da ɗari biyar.